Ni Na Buga Ƙarfen Rasuwa

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da zai ɓata sunan wanda ya riga mu gidan gaskiya. Amma a makon jiya ina wucewa ta bayan wata makaranta aka buga ƙarfen tashi sau uku, sai na tsaya cak ina jiran a sake uku. Shi ya sa na zauna yau.

A Abakpa na tashi, a gidan haya. Babanmu masinja ne a wani ofishin gwamnati, kuma shi ne shugaban ƙungiyar taimakon juna ta layinmu. Mutanen da aiki ya kawo Kaduna ne suka kafa ta, waɗanda ba su da dangi a kusa. Idan aka yi rasuwa su ne masu haƙa kabari, su ne masu ɗauka, Musulmi ko Kirista, kowa a kai shi bisa addininsa. Ƙungiyar tana da diga, da shebur, da makara ta gwangwala, da wani guntun ƙarfen layin dogo da aka rataye a mangwaron ƙofar gidanmu. Bugu bibbiyu, taro ne. Bugu ba tsayawa, gobara. Bugu uku, a yi shiru, a sake uku, an yi rasuwa. Kowa a layin ya san haka, kuma ya san ba a wasa da ƙarfen nan.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ƙungiyar ta fara mutuwa. Dattawa sun ƙare, matasa sun fi son ƙwallo da silima. Kowace Lahadi bayan la'asar Baba zai shimfiɗa tabarmi shida, ya buga bibbiyu, ya zauna. Mutum ɗaya ne ba ya fashi, wani tsohon malamin makaranta, Kirista daga kudancin Zariya. Su biyu za su yi ta maganar makarar da gara ta cinye, da yadda za a jawo matasa, da buɗe ɓangaren mata, har magariba ta tashe su.

Wata Lahadi da damina, Baba yana naɗe tabarmin da yayyafi ya jiƙa, na ji ya ce wa Inna, "Mutanen nan, sai an buga na rasuwa suke fitowa."

Shekaruna tara a lokacin. Na kwana bakwai da maganar a raina. Ban ɗauke ta a matsayin ƙorafi ba, na ɗauka magani ne ya faɗa.

Lahadin da ta biyo, ya shimfiɗa tabarmi ya shiga ciki canza riga. Na mirgino turmi, na hau, na ɗauki sandar ƙarfen. Na buga uku. Na ƙirga har biyar a zuciyata kamar yadda na ga yana yi. Na sake uku.

Suka fito. Wasu ba hula, wasu da cokali a hannu, mata suna leƙe ta katanga suna salati. Ban taɓa ganin ƙofar gidanmu ta cika haka ba, kuma ina neman gafarar Allah, a wannan ɗan lokacin murna nake yi. Baba ya fito a guje, ya dubi taron, ya dubi turmin, ya dubi hannuna. Ya zare sandar daga hannuna, ya tura ni bayansa.

Abin da ban sani ba shi ne, kafintan ƙarshen layi yana da ɗa kwance a asibiti da baƙon dauro. A duk layin, yaron nan ne kaɗai ake jin tsoron rasawa. Da kakarsa ta ji ƙarfen, sai ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Kafintan ya iso da guduma a hannu, garin katako duk a gemunsa.

"Shugaba, yaushe? Wa ya kawo labarin?"

Baba ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Babu wanda ya rasu. Ni na buga, taro ne."

"Taro ne," in ji kafintan. Ya maimaita a hankali. "Uwata na kwance a ƙasa, ka ce mini taro ne."

Ban ga ɗagawar hannunsa ba, ƙarar kawai na ji, kamar an fasa ƙwarya. Gudumar ta sami Baba a muƙamuƙi. Ya faɗi a kaina, jininsa mai ɗumi ya cika mini wuya, haƙorinsa ɗaya ya faɗa cikin zanena. Baffana, ƙanin Baba, ya suri shebur ɗin ƙungiya ya sheme kafintan da shi a kai, fatar goshinsa ta buɗe har kunne. 'Yan'uwan kafintan suka rufar wa Baffa da duka. Daga nan ba a san wa ke dukan wa ba. Aka karya wa wani direba hannu da ƙotar diga. Aka tattake tsohon malami, tabaransa ya farfashe, gilashin ya yanke shi a ƙasan ido. Tabarmin nan shida suka zama jini da taɓo.

Tsohon malamin ne ya rarrafa ya ɗauki sandar, ya buga bibbiyu, bibbiyu, har hannaye suka sauka. Ya ce, "Tun da kun zo, ku ɗauki shugabanku."

Babu abin ɗaukarsa sai makarar. Aka ɗora Baba a kai da ransa. Ba su kai bakin titi ba gwangwalar ta karye, ya sake faɗuwa ƙasa. Kowa ya ga da idonsa abin da aka yi wata da watanni ana kiransu a kai.

Lahadin gaba tabarmi ba su isa ba. Aka yanke a yi sabuwar makara ta katako, a sa matasa a aikin haƙa, a buɗe ɓangaren mata, sanda kuma ta koma ajiyar tsohon malami. A zaman nan ne aka kori kafintan daga ƙungiya. Baba ya aiko daga asibiti cewa kada a yi haka, kada kuma a kai shi wurin 'yan sanda. Na biyun kawai suka ji. Yaron ya warke, amma kafin kaka kafintan ya kwashe iyalinsa ya bar layin, kunnensa ɗaya ba ya ji, yara suna binsa suna cewa mahaukaci.

Baba ya ƙarasa rayuwarsa da karkataccen baki, ba ya tauna nama. Mutane suna yabonsa, wai ya yi dabarar da ta farfaɗo da ƙungiya. Bai taɓa musa musu ba. Ni kuwa sau ɗaya ya yi mini maganar, ranar da ya dawo gida. Ya ce, "Uwata, kada ki ƙara hawa turmi."

Yanzu an sare mangwaron, an mayar da ƙarfen jikin ƙofar gida. Ƙungiyar tana nan, ina cikin ɓangaren mata, kuma mun sake komawa mutum huɗu a kan tabarma. Ta waya ake kiran taro, kowa ya gani ya yi shiru. An ce in ba matasa tarihin yadda Baba ya farfaɗo da ƙungiyar, ko za su dawo. Ba zan iya tsayawa gabansu in maimaita labarin da ba haka yake ba.

Don haka ina roƙo. Na ji an ce kafintan ya zauna a Rafin Guza, daga baya aka ce Mando. Dogo ne, yana da tabo daga goshi zuwa kunnen hagu. Ɗan nasa zai girme ni da shekara ɗaya ko biyu. Duk wanda ya san inda iyalinsa suke, don Allah ya zo Abakpa ranar Lahadi bayan la'asar, ya tambayi gidan da ƙarfen dogo ke rataye a ƙofa. Ina so in gaya wa ɗansa cewa babansa ba mahaukaci ba ne, kuma ba babana ne ya buga ƙarfen ba.