Yatsu Uku a Bangon Gabas

Har yau ranar da muka ɓamɓare bangon gabas na tsohon ɗakin taro a Gwaram ba ta fita daga raina ba. Lokacin ina fomen, wato ni ke tsaye a kan magina da leburori, ni kuma ke kai wa Injiniya rahoto a ofishinmu na Birnin Kudu duk Alhamis. Ginin na ƙasa ne, rufin azara, tun zamanin kakanni ake sulhu da shawarar gari a cikinsa. Can baya wasu suka shafe shi da siminti, simintin ya riƙe danshi, ƙasar ciki ta fara lalacewa. Umarnin da aka ba mu shi ne a cire simintin, a mayar da yaɓen ƙasa, a gyara rufi, a fasa bangon gabas a fitar da babbar ƙofa, duk kafin ruwan farko.

Da yake maginanmu bulo kawai suka sani, sai muka ɗauko Baba Sale daga Zandam, tsohon maginin ƙasa. Da farko ba mu jitu ba. Duk wanda ya yi aiki da ni ya san ni da gaggawa, shi kuwa sai ya kwaɓa ƙasa da ciyawa ya ce a bar ta kwana bakwai ta tsima. In na yi ƙorafi ya ce, "Malam Haruna, ai ba fura nake damawa ba."

Wata Talata da hantsi leburori suka ɓallo simintin gabas ta ciki, yaɓen asali ya bayyana da sawun yatsun waɗanda suka shafe shi. Na riga na shata ƙofar da alli, mai guduma yana tsaye, sai Baba Sale ya ce a dakata.

Na ce, "Baba, me kuma ya faru?"

Ya matsa jikin bangon yana shafawa a hankali, sannan ya ce in ƙirga layukan da yatsun suka bari. Ko'ina huɗu-huɗu suke tafiya, a nan kuwa uku-uku.

"Hannun mahaifina ne," in ji shi. "Azara ce ta datse masa yatsa guda. Inna ta sha gaya mini ya yi aiki a ginin nan, sai dai ba ta san ta wane gefe ba. Ina goye ya rasu, ban san fuskarsa ba, hoto ma babu."

Shatar allin nan tawa ta ratsa tsakiyar wurin, kuma tsohon bai roƙe ni komai ba. Komawa ya yi bakin ramin kwaɓi ya zauna.

Fomen ba shi da ikon taɓa taswira, don haka na hau babur sai Birnin Kudu. Kunya ta hana ni faɗin ainihin abin, na ce wa Injiniya ruwa daga gabas yake bugowa, ƙofa a nan za ta jawo ɓarna.

Ya dube ni ya ce, "Wata biyu taswirar nan tana hannunka, sai yau ka gano inda hadari ke tasowa? Faɗa mini gaskiya."

Na faɗa masa duka. Sai ya ce sauya ƙofa sai takarda ta je sama ta dawo, kuma aiki zai tsaya har ta dawo. "In ruwa ya same ku rufi a buɗe, a wuyanka yake." Na ce na ɗauka.

Ruwan kuwa ya same mu. Muka yi ta fama da tamfol, kusurwa ɗaya ta jiƙe sai da aka sake ta, ni kuma na karɓi takardar gargaɗi, ita kaɗai ce a fayil ɗina har na yi ritaya. Ban taɓa jin ciwonta ba. Aka fitar da ƙofar ta arewa.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, abin da nake so ku riƙe ke nan: kafin ku ɗaga guduma a kan tsohon gini, ku tambayi wa ya gina shi, ko akwai nasa da ke raye. Taswira ba za ta gaya muku ba, ni ma a wurin Baba Sale na koya.

Shi da kansa ya yaɓe bangon gabas, bai yarda kowa ya taya shi ba. Da ya zo wurin sawun sai ya zagaye shi, ya bar fili kamar faɗin faifai. Ranar da ya gama na same shi tsaye a gabansa, hannunsa duk ƙasa, gemunsa fari fat, yana murmushi.

Ya ce, "Malam Haruna, ka san lokacin da ya yi wannan yaɓen bai kai shekarun autana ba? Ashe yaro ne ma, Allah ya jiƙansa."