Daidoyar Gwaggo da Ƙasarta

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanena mai tuƙi da wata ƙawata malamar aikin gona. Fagam muka nufa, can ƙasar Gwaram, kuma ganye ne ya fito da mu, kar ku yi dariya. Tun da tsufa ya sa muka ɗauko Babanmu daga ƙauye, ba ya cin abinci sai ya kurɓi ruwan daidoya cikinsa ya kwanta. Ƙullin da ake aiko masa ya ƙare, sai na shuka masa a bokiti, na narka mata takin zamani, ta yi shar kamar alayyahu. Ya shinshina ya ture kofin, wai ciyawa na dafa masa. Mako biyu yana ramewa a gabana, wallahi hankalina ya tashi.

Hanya sumul har Birnin Kudu, inda muka karya da waina mai zafi muna kallon manyan duwatsun garin. Daga nan gero ya fid da kai hagu da dama, gasasshiyar masara kuwa araha, har ƙanena ya saya kamar zai buɗe shago. Bayan Gwaram ruwan damina ya ɗan ci hanya, muka tafi a hankali.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tarbe mu da fura da nono, ta tambayi jikin yayanta har sau uku, sannan ta kai mu bayan gida. Tun kafin mu ƙarasa ƙamshi ya dake ni. Ga daidoyar nan 'yan gajeru, ba su kai tawa kyan gani ba. Na tuge ɗaya, na jawo buta zan wanke saiwar don kar ta ɓata mota.

“Ke 'yar nan, ajiye butar,” in ji Gwaggo. “Mu nan ba ma raba ta da ƙasarta.”

Ta sa fartanya ta haƙo guda huɗu da dunƙulen ƙasarsu, ta naɗe a tsohon buhu. Ƙawata ta tsuguna ta marmasa ƙasar, ta ce a cikinta akwai wasu siraran zare, dangin naman kaza, da ke manne da saiwa. Su ke jawo wa tsiro ruwa da abinci, su kuma zaburar da sinadaran jikinsa ya ƙara man da ke ba shi ƙamshi da ƙarfin magani. In taki ya yi yawa, tsiron ya daina kula su. Tsinke kan tsiron da Gwaggo ta ce tana yi kowace safiya ma, wai raunin ne ke sa shi ƙara man. Gwaggo ta ce ita dai haka ta ga uwarsu na yi.

Kafin magariba muka iso gida. Na dafa ganyen, Baba ya shanye, ya ci tuwo har loma biyar, ni kuwa na juya baya ina share hawaye. Tafiyar ta koya mini cewa girman ganye ba shi ne magani ba, abin da ke ƙarƙashin ƙasa ne.

Da zan fita da buhun in dasa su, sai ya ce in kawo. Ya ɗebi ƙasar a tafin hannu, ya daɗe yana shinshinawa. Shekara uku ke nan ba mu kai shi Fagam ko gaisuwa ba.

“Ta bayan ɗakin Innarmu ce,” ya ce. “In za ku koma, ku tafi da ni.”