Sarƙaƙiyar Valdomiro

Ƙanina Valdomiro, da muke kira Miro, bai iya kallon idon mutum ba. Ko auren Neuza ni na je na nema masa, shi yana bayan gida yana wasa addarsa.

A tsakiyar gonar rogonsa akwai wata sarƙaƙiya da bai taɓa sarewa ba. A ciki teneném ke zaune, ɗan tsuntsun nan mai jan kai da doguwar jela tsinke-tsinke kamar tsohuwar tsintsiya. Yini yake yana kuka cikin ƙaya yana tsintar ƙwari, kana matsowa sai shiru. Na sha gaya wa Miro cewa wannan ne ɗan'uwansa na gaskiya, ba ni ba.

Sheƙar ta fi mai ita girma nesa ba kusa ba: tulin ƙirare da doguwar ƙofa kamar wuyan gora. Kuma duk inda ya tsinci saɓar maciji sai ya jawo ya saƙa a jikinta.

Wata shekara Neuza ta ce ƙasar wurin ta fi ko'ina kyau, wake za ta shuka. Ta kira gayya, ta yi girki, ta tanadi giyar rake.

Miro ya kasa cewa saboda tsuntsu yake barin wurin. Sai ya nuna wa mazan saɓar, ya ce akwai ƙaton maciji a ciki, kada a taɓa. Ya manta da halin maƙwabtansa. Tião, mai gonar gefe, ya ce maciji a inda yara ke shiga ai wuta ce maganinsa, ya aika a kawo kananzir.

Miro ya je ya tsaya gaban ƙayar, idonsa a ƙasa.

"Babu maciji. Tsuntsu ne. Da ƙwai a ciki."

"Ɗaga murya, angon teneném, na baya ba su ji ba," in ji Tião.

Ya sake faɗa. Aka yi ta dariya har wani ya zauna a ƙasa. Neuza ba ta yi ba. Ta tambaye shi ko ƙwan nan ne za ta soya wa yara, sannan ta ce a share gefe da gefe, a bar masa ƙayarsa.

Har Miro ya mutu tana kewaya wurin da fartanya tana mita, amma ba ta taɓa kai masa hannu ba. Ni sau ɗaya na ga tsuntsun sosai. Ƙarami ne, launin toka, bai kai a tare wuta dominsa ba.