Shaddar da Zarenta Ya Tsallake

Tun da aka yi rasuwar maigidana shaddar nan take bisa keken ɗinkina, a ninke, ban ɗaga ta ba. Ruwan toka ce, ni na saya masa don ɗinkin salla. Da na warware ta a gida sai na ga wani siririn layi wajen tsakiya, inda zare ya tsallake. Mai shagon da na saya, da aka yi masa magana, ya yarda zai canza. Yanzu ƙanwata Hadiza tana so in ba ta ta kai masa, a musanya da atamfar da zan ɗaura ranar fita takaba. Nakan ce mata to, amma ban miƙa ba. Kwanakin nan ba na kuka, ba na jin yunwa, ba na jin komai sosai. Abin da yake ta dawo mini kawai shi ne muryar kakata Tumba.

A gidanmu na Ƙofar Rini, in an sauke tuwo, garwashi yakan rage a murhu, kuma Kaka Tumba ba ta yarda ya mutu a banza. Sai ta ja kujerarta 'yar tsugune, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Gaskiya gyaɗar ce take fara jawo mu. Tatsuniyoyinta ba su cika daɗi ba a wurinmu, don ba a dukan kowa a ƙarshe, ba a kuma auren sarki. Ni da na fi kowa baki nakan faɗa mata haka, ita kuma ta ce ƙawarta ta zo da tsegumi.

Wani maraice ta ce, "To, ga ta tafe, wa ka tarbonta?" Muka ce mu ne.

Wata mata ce, in ji Kaka, ta daɗe tana burin baƙin zane na saƙi, har Allah ya nufa ta saya a hannun wani falke. Da ta isa gida ta ɗaga shi a rana, sai ta ga wuri guda haske yana ratsawa, zaren ya sirance kamar zai tsinke. Ranta ya ɓaci. Ta koma wurin falke, ya ce shi saye ya yi, ta tafi marina. Marini ya nuna mata hannuwansa shuɗi, ya ce rini kawai ya sani, ta tafi wurin masaƙi. Masaƙi ya duba ya ce saƙarsa lafiya lau take, zaren ne aka kawo masa haka. Ya kwatanta mata gidan tsohuwar da ta kaɗa shi.

Matar ta shiga gidan da faɗa a bakinta. Tsohuwar ta karɓi zanen, ta bi shi da yatsa har ta kai wurin. A nan Kaka takan rage murya, har sai mun matso.

"Tac ce, awo, na gane shi. Ina kaɗin wanga zare anka shigo anka ce mani ɗana ya rasu. Ban aje mazari ba, don ban san mi zan yi da hannuna ba. Nan ɗai yay yi rawa. In kina so, zauna in kaɗa maki wani."

Matar ta miƙa hannu ta karɓa. Ta ninke zanenta ta kama hanyar gida.

Muka jira ci gaba, Kaka tana ta tonon gyaɗa. Na ce, "Kaka, to an ba ta sabo?"

Ta ce, "Wa yac ce maki tana so? Nan tat tsaya. Ku tashi, hayaƙi ya ishe ni."

Na tashi da haushi, ina ganin an cuce mu tatsuniya guda.

Da na girma na kama ɗinki a unguwar Minanata, sai na ɗauka abin da take nufi shi ne a yi haƙuri da aikin mutane. Ban ɗauki darasin ba. Ni mai ɗaga yadi a rana ce kafin in auna, kuma ko ɗigon mai na gani sai na mayar. Nakan ce yadin yanzu inji ne yake saƙa shi, inji kuwa ba shi da ɗan da zai rasu, don haka babu wanda zan ji wa tausayi.

Ranar da na ga layin nan, maigidan yana zaune a bakin gado yana cire takalmi. Na shimfiɗa masa shaddar ina ta faɗa. Ya ɗora yatsa a kan layin, ya bi shi a hankali, ya yi dariya.

"Ke dai da ido kike. Wa ka ganin wanga? Ki sa shi ga hammata, ni ka sawa, ba mai shago ba."

Na ce sam, mijina ba zai je idi da yadi mai aibu ba. Ya ce to, yadda na so. Zazzaɓi ya kwantar da shi kafin in sami sukunin komawa kasuwa, kuma bai tashi ba.

Yanzu nakan zauna in yi tunanin matar nan a hanyarta ta gida. Ina jin ba haƙuri ta yi ba. Duk faɗin zanen nan, wuri ɗaya ne kawai ta san wanda ya taɓa shi da abin da ya same shi a ranar. In an ba ta sabo, zare ne kawai za ta riƙe. Ni ma na laluba cikin kaina, na rasa wata doguwar hira da muka yi da maigidana bayan ta shaddar nan.

Jiya da hantsi Hadiza ta shigo da mayafinta, ta sa hannu a kan shaddar.

"Yaya, kawo in tahi da ita yau. Mai shagon ya ce muddin almakashi bai taɓa ta ba, shina karɓa."

Na ce ta miƙo mini. Na jawo almakashi daga aljihun keke, na tsaga bakin shaddar kamar tsawon yatsa.

Hadiza ta dafe ƙirji. "Yaya! Yanzu ai ba shi karɓa."

Na ce, "Na sani."