Kwana Tara Da Na Yi Shiru

Shekarar da aka sami mulkin kai muna zaune a Tambuwal, maigidana yana koyarwa a makarantar elementare. 'Yata ta fari kuwa tana Kebbe wurin mahaifiyarsa. Tun ranar yaye aka kai ta, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba na tambayar lafiyarta a gaban mutane. Haka na ga uwata ta yi da yayana, ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba sai a wannan damina.

Wata mai sayar da daddawa ce ta kawo labarin ran kasuwa. Tana auna mini tana cewa, "Ashe kare ya ciji ɗiyar nan taku a kumatu. Mahaukaci ne, an kashe shi. Amma tsohuwa ta ƙona gashinai ta shafa mata, har wurin ya kama bushewa."

Akwai maƙwabta a tsakar gida. Na ce, "Allah ya sawwaƙe," na ci gaba da tankaɗe.

Alhali na sani. A makarantar 'yan mata an koya mana cewa bushewar ciwo ba warkewa ba ce, dafin yana tafiya a hankali zuwa kai, allura kuma da wuri take amfani. Har zanen da malamar ta yi a allo ina tunawa. Da ɗiyar maƙwabciya ce, da a ranar na yafa mayafi. Amma tawa ce, ta fari, kuma a hannun surukata. In na yi magana, na ce tsohuwa ba ta iya riƙo ba ke nan.

Na yi ta kewaye-kewaye. In kawo wa Malam tuwo in ce, "An ce karnuka suna hauka bana." Ya ce, "Haka nika ji." Shi ma kunyar ce ta ɗaure shi, daga baya na gane. A sujada kaɗai nake faɗin abin da ke raina.

Ran kwana na tara na durƙusa a ƙofar ɗakinsa bayan la'asar, na ce, "Malam, a ɗauko yarinyar nan."

Bai dube ni ba. Da asuba ya ari doki.

Tare da kakarta suka zo. Ta sauke ta daga goyo tana cewa, "Yau na ga zamani. Uwa da bakinta tana tambayar ɗiyar fari. Boko ke nan." Na ce, "Ki yi haƙuri, Inna." Ba mugunta ba ce, ta fi kowa son yarinyar.

Malamin asibiti ya duba tabon, ya tambayi kwanakin. Maganin ma ba ya ajiye shi, don sai a wuri mai sanyi yake zama, sai da aka aika Sakkwato. Kwana biyu kuma suka wuce. Allura goma sha huɗu ce, kullum ɗaya, a fatar ciki kewayen cibiya. Inna ke riƙe ta, ni ina daga bakin ƙofa ina jin kukan.

Kowace safiya nakan cika moɗa da ruwa in miƙa wa Inna ta ba ta, ina kallon maƙogwaronta daga nesa, don an koya mana tsoron ruwa ne alamar ciwon. In ta haɗiye, in yi hamdala in koma madafa.

Safiya ta goma ta kalli ruwan, jikinta ya ɗauki rawa, ta ture moɗar. Ƙishirwa take ji, leɓunanta duk sun bushe, amma ta kasa.

Inna ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Zo ki karɓi ɗiyarki."

Na ɗora ta a cinyata, rabona da haka tun ranar yaye. Na kira sunanta a gaban kowa. Ta ɗago tana dubana, don ba ta taɓa jin sa a bakina ba.

Kwana uku ta ƙara. Allah ya sa mai ceto ce.