Ranar da Yayana Ya Buɗe Gidan Gilashinsa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da walimar buɗe gidan yayana ba. Dillalin shanu ne a nan Daura, Allah ya buɗa masa. Sau ɗaya tak ya je Landan ganin likita, ya dawo bakinsa cike da labarin gine-ginen farkon zamanin wata tsohuwar sarauniyarsu: jan bulo, hasumiya mai tsini, zauren gilashi. Har sunayen masu zanensu ya haddace, yana faɗa yana karya harshe, mutumin da bai san wanda ya gina soron kakanmu ba.

Wannan soron ya ce zai rushe. Ginin ƙasa ne mai rufin ɗaurin guga, ko da rana tsaka ka shiga sai ka ji sanyi kamar bakin randa. Goggonmu, ƙanwar mahaifinmu, ta roƙe shi ya bar mata ko da ɗakin da aka haife ta.

"Goggo, ai duniya ta ci gaba," ya ce mata.

Ta ɗaure kayanta ta koma gidan 'yarta a Zango.

Aka rushe soron, aka kawo mai zane daga birni, aka tsayar da sabon gini a wurin. Falo duk gilashi, ga murhun jin ɗumi da bututun hayaƙi. A Daura fa! Sai kuma ya sa walimar cikin bazara. Malamai suka zauna, rana ta huda gilashi ta same su. Gumi ya jiƙa rawuna, yayana kuwa yana tsaye yana bayanin hasumiya. Ba a kai ga shafa fatiha ba limaminmu, tsoho, ya sulale ƙasa. Aka fitar da shi ana yayyafa masa ruwa. Da ya farfaɗo ya dubi yayana ya ce, "Alhaji, Allah ya sanya alheri. Amma a ƙarasa addu'ar a waje." A gindin darbejiyar maƙwabci aka ci tuwon.

Yanzu zana aka jingina wa gilashin, tantabaru sun mallaki bututun. Goggo ta rasu ba ta taka gidan ba.

Abin da na koya shi ne, Turawan da yake yabo sun adana ginin kakanninsu ne, shi ya sa ya samu abin kallo. Shi ya je ya gani, ya dawo ya rushe nasa.