Jagoran da Ya Cika Gaisuwa

Shekarun baya, lokacin da hanyoyinmu ke da lafiya, mutum ya fita Gusau da safe ya yini a ƙauye ba mai bin sa da waya, na yi wata tafiyar ƙafa a bakin gulbi wadda har yau in na tuna ta sai na yi dariya ni kaɗai.

A lokacin wata takwas ke nan da yi mini aiki a gwiwar dama, kuma na ƙudurta zuwa Umara. Ɗiyata, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma ita ke riƙe da ragamar lafiyata tun rasuwar mahaifiyarta, ta yanke hukunci ba tare da ta nemi shawarata ba.

"Baba, ɗawafi da sa'ayi a keke za ka yi. Tura ka za a yi. Ba abin kunya ba ne."

Na san ba abin kunya ba ne. Na san addini ya yi sauƙi. Amma raina ya ƙi. Aikin madatsun ruwa ya kai ni ƙasashe da dama, na taka bakin Nilu a Sudan, na bi gaɓar Neja a Mali, na hau tsaunukan Jamus da ƙafata lokacin da aka tura mu kwas. A ce wurin da na fi son takawa a duniya shi ne za a kai ni a zaune? Muka yi sati biyu muna ja, ni da ita.

Wani abokina ne ya raba gardamar. Mutumin Tsafe ne, tare muka yi ritaya, kuma Allah bai halicce shi da iya rufe baki ba. Ya ce ƙungiyarsu ta 'yan fansho masu motsa jiki ta shirya fita ranar Asabar: mota za ta ajiye su a Bunguɗu bayan fitowar rana, su bi bakin gulbi da ƙafa tare da jagora, motar ta zagaya ta jira su a gindin wata tsamiya da ke wani mashigi can gaba. A yi la'asar a nan, a juyo gida.

Ɗiyata ta ce, "To. In ka iso tsamiyar nan da ƙafarka kafin a tayar da la'asar, na janye maganar keke. In kabu-kabu ya kawo ka, ko aka yi sallah ba ka, maganata ta tabbata. Ni ma zan bi motar in jira ka."

Na ce na yarda. A zuciyata kuwa na ce yarinya ba ta san da wa take magana ba.

Sai a daren Juma'a, ina haɗa kaya, na lura da wani abu: ni da na auna kogunan mutane a ƙasashe uku, gulbin da ya ratsa garinmu ban taɓa bin bakinsa da ƙafa ba. Daga kan gada kawai nake leƙensa ta tagar mota.

Na fito da shiri irin na wanda ya san duniya. Takalman hawan dutse da na sayo a Jamus, sandar ƙarfe mai naɗewa, agogo mai ƙirga taku, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Abokina ya dube ni daga sama har ƙasa a bakin mota.

"Alhaji, duniyar wata za mu ko Bunguɗu?"

"Kai dai ka yi ta kanka," na ce. "In ka faɗi ba zan goya ka ba."

Mu goma sha ɗaya ne, kuma ni ne babba. Jagoranmu mutumin Karakkai ne, zai kai shekara hamsin, manomi ne da damina, masunci in ruwa ya ja. Takalmin roba ne a ƙafarsa, da sandar gora, da buta a rataye. Na jira ya tara mu ya yi bayani kamar yadda jagororin Turai ke yi, da taswira da usur da dokoki. Shi dai ya dubi ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Bismillah, mu tai."

Lokacin kaka ne, ruwa ya fara ja ya bar farin yashi gefe da gefe. Dawa ta sunkuyar da kai, shinkafar fadama ta nuna, balbelu sun yi layi a kan wani tsibiri kamar masu jiran albashi. Na shiga gaba ina buga sanda, taku ɗaya daidai da ɗaya, yadda wani jagora Bajamushe ya koya mana: kada ka tsaya sai inda aka rubuta a tsaya.

Ba mu yi rabin awa ba sai jagora ya kwaɗa sallama. Masu ɗibar yashi ne suna loda wa wata tifa. Na ɗauka hannu zai ɗaga mu wuce. Ina! Ya jingine sanda.

"Kun tashi lahiya? Ya gajiya? Ya iyali? Ya anka ji da kaka? Ya jikin tsohuwa, ta samu sauƙi?" Sannan ya waiwayo ya nuna ni. "Ga babanmu nan, ku ba shi wurin zama ku gaisa."

Kun san al'adarmu. In an ce ga dattijo, an kuma kaɗe masa buhu an shimfiɗa, ba shi da ikon cewa a'a. Na zauna ina amsa gaisuwa ina satar kallon agogo.

Haka aka yi ta yi. Muka tarar da wani Bafulatani yana shayar da shanu, aka tsaya. A nan dai na ɗan huce, don na sami damar baje Fulatancina, har mutumin ya ce na Masina ta ƙasar Mali nake yi, ba na nan ba. Muka tarar da masu lambu suna gwada injin ban-ruwa, aka tsaya, aka sare mana rake, kuma ba a tashi a bar rake a hannun mai kyauta. Muka tarar da wani tsoho yana ɗinkin koma, wannan kuwa sai da aka gaida har jikokinsa da ke Legas. Kowane wuri kalma ɗaya ce: "Ga babanmu, a ba shi wurin zama."

Bayan mun yi azahar a kan yashi, na ja abokina gefe.

"Wannan mutumin zai sa ni a keke. A Jamus da tuni an kore shi daga aiki. Ko a Maroko, da suke son shayi kamar rai, sau biyu jagora ke tsayawa."

"To ka gaya masa da Jamusanci mana," in ji shi, yana tsotsar rake.

Abin da ban gaya wa abokina ba shi ne, tun wajen masu yashi gwiwar ta fara magana. Takalman nan nawa an yi su ne don dutse. A yashi kuwa kowace ƙafa sai ta nutse, in zaro ta kamar mai cire turmi daga laka. Bayan azahar muka shiga wani dogon miƙi da ba kowa, ba bukka, ba shanu, yashi ne kawai mai zafi. Gwiwar ta koma kamar an zuba mata garwashi. Na cije. Na rantse a raina ko za ta tsage ba zan ce a tsaya ba, don ban san bakin da zai kai wa ɗiyata labari ba.

Sai na ji jagora ya ɗaga murya wajen wata gonar shinkafa can nesa.

"Salamu alaikum, mai gona!" Ya juyo gare mu. "Ku yi haƙuri. Mutumin ga in na wuce ban gaishe shi ba, sai ya yi shekara yana fushi. Baba, ku zamna ƙarƙashin ɗorawar ga, yanzu nika dawowa."

Wannan karon ban dubi agogo ba. Na zube a inuwa ina godiya ga Allah da ya halicci mai gonar nan. Da numfashina ya dawo, sai na ce bari in yi amfani da madubin da na sha wahalar ratayawa, ko na ga wani tsuntsu. Na ɗora a ido, na juya shi wajen gonar.

Ga jagoranmu a tsugune cikin ladabi, yana gyaɗa kai, yana ɗaga hannu kamar mai amsa tambaya. A gabansa kuwa mai gona na tsaye da tsohuwar riga da yagaggiyar malafa, hannuwa a miƙe. Mutum-mutumi ne, irin wanda ake kafawa don korar tsuntsaye.

Na sauke madubin, na goge, na sake dubawa. Shi ne dai.

A nan na fara lissafi da baya. Masu yashi: daidai lokacin da na fara jan ƙafa a gangare. Bafulatani: bayan na yi tuntuɓe. Masu lambu: lokacin da na mayar da sanda hannun dama. Mutumin nan tun safe ba hanya yake kallo ba, sawuna yake karantawa a kan yashi. Duk inda ya ga sawun dama ya fara ja, sai ya nemo wanda za a gaisar. Da mutane suka ƙare, ya nemo wanda ya samu.

Gaskiya kunya ce ta fara kama ni, har da ɗan haushi. Da ya dawo na matsa kusa da shi yadda sauran ba za su ji ba.

"Malam, ya mai gonar?"

"Lahiya lau, Baba. Yana gaishe ku."

"Madalla. Na dai lura ba shi da yawan magana."

Idonsa ya sauka kan madubin da ke ƙirjina. Ya sunkuyar da kai yana tonon yashi da sanda, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Me ya hana ka ce mini in huta kawai?" na tambaye shi.

"Haba Baba. Ni in dubi tsabar idonku gaban mutane in ce kun gaji? Ba a yi muna wannan tarbiyya ba. Mahaihina ma haka nika yi mai in za mu gona, har Allah ya karɓi abinai bai taɓa sani ba."

"To ai ka cuce ni. Wannan tafiyar jarrabawa ce, ga shi ka ba ni satar amsa."

"Ƙafar wa ta taka yashin, tawa ko taku?" ya ce. "Ni baki kawai na sa. Amma ku tuɓe takalman ga, don Allah. Ku bi inda ruwa ya jiƙa, nan yashi ya fi tauri."

Na tuɓe takalman Jamus na rataya su a wuya tare da madubi. Rabon da tafin ƙafata ya taɓa jiƙaƙƙen yashi tun ina yaro. Sanyin ya hau har gwiwa.

Rana ta karkata, inuwarmu ta fara tsawo. A wata mahaɗa muka ci karo da mai kabu-kabu ya sauke buhunan taki. Abokina, wanda ya ga yadda nake ɗingishi, ya daina wasa a karon farko a ranar.

"Alhaji, hau ya kai ka kusa, ka sauka ka ƙarasa. Wallahi ba mai ji a bakina."

"Bakinka?" na ce. "Kafin magariba an ji a Tsafe."

Na wuce. Da gwiwar ta sake tashi, sai na ce, "Malam, ba ka da wani ɗan'uwa a gaba?"

"Akwai wata kuka nan kusa, Baba. Mun daɗe ba mu gaisa ba."

Muka gaida kuka, a taƙaice. Daga nan na hango kan tsamiya, da farar motarmu a gindinta. Saura kamar jifa uku na ji ladanin wani ƙauye a hayi ya ɗaga murya. Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na bar abokina a baya yana kiran in jira shi, na haura gaɓa ba takalmi, wando a naɗe, na dafa jikin tsamiyar nan ana tsakiyar alwala.

Ɗiyata ba ta ce sannu ba. Ta tsuguna ta matsa gwiwar nan ta ko'ina, ta sa na lanƙwasa na miƙe. Sannan ta dubi jagora.

"Malam, tsakaninka da Allah, sau nawa ya ce ya gaji?"

"Hajiya, ko sau guda bai hwaɗi ba. Ni dai na ɓata musu lokaci, Allah ya yi ni da yawan jama'a."

A mota na kasa riƙewa, na ba ta labarin mutum-mutumi, don ba na son in ci nasara da ɓoye-ɓoye. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Baba, ni dama ba tafiyar nake tsoro ba. Taurin kanka nake tsoro, don na san ba za ka huta ba sai ka faɗi. Tunda ka koyi zama, na janye keke."

Na daɗe ina tunanin mutumin nan. Na bi jagorori masu takardar shaida a ƙasashe daban-daban, kuma sun iya aikinsu. Bajamushen nan da ya ga ina ɗingishi, da a gaban kowa zai nuna ni ya ce in zauna, kuma da ya yi daidai a wurinsu. Amma na Karakkai ya kai ƙafata inda za ta, ya kuma kai girmana tare da ita, bai zubar da ko ɗaya a hanya ba. Wannan ban gan shi a wata ƙasa ba, kuma a bayan gidanmu yake duk shekarun da nake yawo.

Umara kuwa na yi ta da ƙafata, ɗawafi da sa'ayi duka. A zagaye na huɗu tsakanin Safa da Marwa gwiwar ta tashi. Na duba gefe, sai ga wani dattijo ɗan Senegal zaune ya jingina da bango. Na ratse na yi masa sallama, na zauna, na tambaye shi iyali da gajiya da Faransanci. A na shida na sami wani Basudane, muka gaisa da Larabci har na tambayi lafiyar Nilu. Ɗiyata tana tsaye tana jira, ta rufe baki da gefen hijabi.

Da na miƙe ta matso ta ce a hankali, "Baba, wannan dai na ga yana motsi."